Mai-Tiyo da Wutar da Ba Ta Tashi Ba

Kafin mai walda ya buɗe shagonsa, kafin masu faci su fito da kayansu bakin titi, Mai-Tiyo ya riga ya iso garejinsa. Ba ƙarfe yake fara taɓawa ba. Tsintsiya yake ɗauka ya share filin tas, don ya ce ƙasar da aka share ita ke tona asirin motar da ta yi fitsarin kwance. Daga nan sai ya bi motocin da suka kwana a wurinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin inji, ya cusa kai, ya ja numfashi. Wanda bai san shi ba zai ce gaisawa suke yi.

Tiyo dai shi ne baƙin bututun robar nan da ke kai mai ko ruwa ko iska daga wani sashen inji zuwa wani. A idon irinmu duk ɗaya ne. A bangon rumfarsa kuwa kowanne da ƙusarsa: na mai daban, na ruwa daban, na iska daban, kuma wanda ya rataya wani a ƙusar wani zai sha faɗan da sai ya ba jikokinsa labari. Tun gashin kansa na baƙi wannan ne aikinsa. Tsofaffin bas masu inji a baya, waɗanda masu ƙera su ma sun manta da su, su ne 'yan ɗakinsa. Ba ya shafa turare, ba ya shan taba, ba ya zama inda ake ƙona shara. Matarsa takan ce ta auri mutumin da ya fi lallashin hancinsa a kan iyalinsa. Shi kuma sai ya ce, "Da hancin nan kike ɗora tukunya."

Yana da wata al'adar aiki da direbobi suka tsana. Duk tiyon da ya ɗaure, kai har wanda bai taɓa ba, sai ya sa yatsu biyu ya ja shi kafin ya miƙa makulli. Direba na tsaye yana ƙwafa, fasinja na jira a tasha, shi yana can yana ja. In ka yi magana ya ce, "Abin da yatsa biyu za su cire, hanya ma za ta cire shi. Gara ya fita a gabana." Mai kai burodi shaguna ya shaida cewa an taɓa canza masa kusan rabin inji a wasu wurare don motarsa na mutuwa a kan gangara, Mai-Tiyo ya kasa kunne, ya bi wani siririn tiyon iska da yatsa har ya sami tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Matan da ke haɗa mota zuwa kasuwa sun shaida cewa ya taɓa sauke su da kayansu a ƙofar gareji, suka yi masa tas, amma bai ba da makullin ba.

Kai ne mai hana tafiya don a isa. Kai ne ka yarda a zage ka da rai a kan a yabe ka a wurin zaman makoki.

To, tsufa ba ya sallama. Yana ta sauko masa a ido, hannunsa ya fara rawa in ya ɗauki ƙaramin abu. Bakin mutane kuwa ba a ɗaure shi da kilif, ƙarfen nan da ake matse bakin tiyo da shi. Aka fara cewa Mai-Tiyo ya daina gani, da lalube yake aiki. Motoci suka ragu a filin. Duk wannan bai ci masa rai ba kamar ranar da ya lura ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya daina kawo tasa motar. Ƙanin nan direba ne, ana ce masa Ba-Jira, kuma sunan ya bi jiki. Bas ɗinsa mai inji a baya, wadda kowa ke kira Tsohuwa, tun da ya saye ta hannun yayansa ne kaɗai ke shiga cikinta. Yanzu sai ta wuce ta ƙofar garejin, a danna ham, a ɗaga hannu. Mai-Tiyo ya amsa gaisuwar, ya ci gaba da shara. Bai taɓa tambaya ba.

Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne da tsakar rana, a idon mai walda da ungozomar ƙaramin asibitin unguwa, kuma daga bakinsu labarin ya fito.

Tsohuwa ta taho a guje ta ci birki a ƙofar garejin, injin na ruri. Ba-Jira ya leƙo ta taga.

"Yaya, shigo. Auta ce. Ɗan ya zo a gicce, an ce sai babban asibiti. Ungozoma ta ce a taho da 'yan'uwa ko za a buƙaci jini."

Auta 'yar Ba-Jira ce, cikinta na fari, mijinta yana can wurin aiki mai nisa. Tana kwance a kan katifa a tsakiyar motar, inda aka cire kujeru, uwarta na riƙe da kanta, ungozoma na durƙushe a gefe. Motar asibitin unguwa ta fita da wani mara lafiya tun safe. A filin garejin kuwa babu mai ƙafa huɗu a ƙasa, duk suna kan duwatsu. Babban asibiti yana bayan doguwar hawa, hanya ce da ke gasa inji. In ba Tsohuwa ba, babu.

Mai-Tiyo ya yar da tsumman hannunsa, ya zagayo ta bayan motar don ya shiga ta ƙofar gefe. A nan ya tsaya. Ya ja numfashi. Ya sake ja. Sai ya wuce ƙofar, ya je tagar direba, ya zura hannu ya kashe motar, ya zare makulli ya jefa a aljihu.

Shirun da ya biyo baya, nishin Auta kaɗai ake ji a ciki.

"Yaya, mene ne haka?"

"Fetur. Ɗanye, a kan inji mai zafi. Ku sauke yarinyar."

"Ɗazu na sha mai, ƙila ya ɗan zuba a baki. Ba ni makullina."

"Man da ya zuba a bakin tanki ba haka yake wari ba. Ku sauke ta."

Uwar Auta, wadda a sauran ranaku ita ce abokiyar wasansa, ta ɗago ido jajur. "Yaya, yau ba ranar shinshine-shinshinenka ba ce. 'Yarka ce a kwance. In ba za ka ba da jini ba, ba mu hanya."

"Don 'yata ce na ce a sauke ta."

Ba-Jira ya diro daga motar. Ya fi yayansa tsawo da ƙarfi, kuma mai walda ya ce ya ga lokacin da ya dunƙule hannu. "Jiya-jiyan nan aka canza min tiyo a bakin tasha, sababbi fil. Mai ido ne ya sa su. Me za ka gani da bai gani ba?"

Maganar ta shiga, don fuskar tsohon ta motsa. Ya juya ga ungozoma, ya ce, "Baiwar Allah, ke kika san aikinki, ni na san nawa. Tankin motar nan yana sama da inji. In tiyo ya saki a kan hawa, man da kansa zai sauko, ba mai tare shi, kuma katifar nan a bakin wutar take. Ƙofa ɗaya ce. Faɗa min gaskiya, akwai ɗan lokaci?"

Ungozoma ta taɓa cikin, ta dubi fuskar Auta, ta ce, "Kaɗan. Kuma ba kyauta na ba ka ba, aro ne."

"Na karɓa."

Aka kama katifar da mutum a kai, aka shigar da ita inuwar rumfa, ƙarƙashin tiyoyin da ke rataye. Mai-Tiyo ya yi wa mai walda alama da hannu cewa ya kashe wutarsa, ya kashe. Ya ɗaga murfin injin, zafi ya bugi fuskarsa. Ya durƙusa, ya rufe idanun da aka ce ba sa gani, ya sa hannu.

Tiyo uku ne baƙaƙe a wurin, sababbi, suna sheƙi, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya matsa na farko, ya saki. Ya matsa na biyu, ya saki. Na uku, wanda ke ɗaukar mai daga famfon mai zuwa kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ya lotsa a hannunsa kamar dafaffen abu, yatsunsa suka fito da danshi.

"Tiyon ruwa ne wannan," in ji shi. "Mai idon naka ya ga baƙi ya ga baƙi, ya ce ɗaya ne. Fetur yana cin sa ta ciki tun jiya. Miƙo min na ƙusar farko, ta hannun dama."

Ba-Jira ya tsallake katifar 'yarsa ya ciro tiyon. Hannun tsohon na rawa, sukundireba ta zame daga kan kilif, ta sake zamewa. Daga rumfa Auta ta yi wani nishi mai tsawo, uwarta na cewa, "Sannu, sannu, yi ta addu'a." Ba-Jira ya ce, "Kawo in ɗaure." Yayan ya ce, "Riƙe min wuyan hannu dai." Haka aka yi: ƙani na riƙe da wuyan hannun wa, wa na juya sukundireba, har kilif ya kama.

"Shi ke nan, an gode," in ji Ba-Jira. "Makulli."

Ungozoma ta riga ta miƙe, tana cewa a kama katifa. Kowa ya saki ajiyar zuciya. Mai-Tiyo kuwa bai tashi ba. Ya goge yatsu a riga, ya sake cusa kai.

"Warin bai mutu ba."

"Wanda ya zuba ne, Yaya. Don girman Allah."

"Ban ja ba tukuna."

"Yau ma sai ka ja?"

"Yau ce ma ranar ja."

Ya ja sabon da ya sa, yana nan daram. Ya ja na iska, yana nan. Ya zura hannu can ƙasa, inda tiyon da ya taho daga tanki yake shiga famfon mai. A nan ya ci karo da baƙon abu: wata matatar mai ta ƙarfe, mai nauyi, da mutumin tasha ya rataya a jikin tiyon don ya burge, tana lilo ba abin da ya tallafe ta. Tiyon kansa lafiyayye ne, kilif ɗinsa a ɗaure tam. Duk wanda ya duba da ido zai ce aiki ya yi kyau. Ya sa yatsu biyu ya ja, ja irin na wanda ke cire zare daga riga.

Tiyon ya taho hannunsa, tare da ɗan bututun tagullar da aka ɗaure shi a kai. Bututun nan bai kai ɗan yatsa ba, kuma ba zare gare shi ba, cusa shi kawai ake yi a jikin famfo. Nauyin matatar da girgizar hanya sun ci gindinsa, saura ƙiris. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Fetur ya tsinke kamar an buɗe famfon wanka. Ya sauka a kan ƙarfe mai zafi, ya yi cuuu, farin tururi ya taso ya rufe fuskar tsohon. Mai walda ya ce shi dai ƙafarsa ce ta ja shi baya ba da shawararsa ba. Mai-Tiyo bai motsa daga inda yake ba. Ya lanƙwasa tiyon gida biyu, ya danne, man ya tsaya.

"Zo nan," ya ce wa ƙaninsa, da murya irin ta mai cewa a miƙo masa ruwa. "Riƙe. In ka saki, mun tafi mu duka. Kada kowa ya ja ƙarfe a ƙasa. Ku matsar da yarinyar can ƙurya."

Ba-Jira ya durƙusa ya riƙe. Man da ya tsiyaya ya bi hannunsa har gwiwar hannu, tururin na shiga idonsa, salansa, bututun hayaƙin motar, na ƙara ƙas-ƙas a ƙarƙashinsu tana hucewa. Bayansa yana jin 'yarsa na kiran uwarta, ba shi da ikon waiwayawa. Bai sake cewa makulli ba.

Mai-Tiyo ya kwance kilif, ya zare ɗan bututun, ya cire matatar ya ajiye ta a hankali a kan tsumma. Ya ɗauki filaya ya ciji gindin bututun da haƙoranta, ya juya, ya sake ciza, har santsin ya zama kaushi. Ya laluba ramin da ɗan yatsa, ya saita. Bututun ya kuɓuce daga hannunsa mai rawa, ya faɗa cikin ƙarafan inji.

Ungozoma ce ta ce, a hankali, "Baba, aron nan ya kusa ƙarewa."

"Na ji."

Ya kwantar da kumatunsa a jikin motar, ya tura hannu har kafaɗa tsakanin ƙarfe mai zafi, yana bi da yatsa. Fatar hannunsa ta taɓa inda bai kamata ba, ya cije leɓe, bai janye ba. Can ya fito da shi. Wannan karon ya saita da hannu biyu. Mai walda ya miƙo guduma, ya girgiza kai: ƙarfe a kan ƙarfe tartsatsi ne. Da guntun katako ya buga, a hankali, yana saurare, har sautin ya canza ya san ya zauna. Ya mayar da tiyon, ya ɗaure kilif, ya kawo siririyar waya ya zagaye bututun da jikin famfo ya murɗe, yadda ko ya so fita ba hanya. Sannan ya ce wa ƙaninsa, "Saki."

Ya saki. Ba ɗigo. Tsohon ya sa yatsu biyu ya ja. Ya kama hannun Ba-Jira ya ɗora a wurin. "Kai ma ja." Ya ja.

Duk da haka bai ba da makulli ba. Ya sa aka goge man da ya zuba, aka watsa yashi a ƙasa, aka tura Tsohuwa da hannu har ta bar wurin da ya jiƙe, uwar Auta ma da ta gama zaginsa a zuci ta sa kafaɗa. Sai da iska ta ɗauke warin ya ciro makullin. Motar ta tashi, ya tsaya a bayanta yana shaƙa, kana ya ce a ɗauko yarinya. Shi kuma ya zauna a can baya, daidai kan injin, ya ce in akwai abin da zai faru, shi zai fara sani.

Ungozoma ta ce duk tsawon hawan nan ba wanda ya yi magana sai Auta, da ta buɗe ido ta ce, "Baffa, ka gama shinshinawa?" Ya ce, "Ban gama ba, 'yar nan. Ke dai yi naki aikin, ina nawa."

Sun isa. Aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka ɗebi jinin tsohon da na ƙaninsa. Da likita ta fito ta ce uwa da jaririya suna raye, amma ta ƙara da cewa, "Kun makara ƙwarai. Da kun ƙara kaɗan, da wani zancen ake yi. Me ya tsayar da ku?"

Uwar Auta ta juya ta dubi Mai-Tiyo. Ga inda aikin irinsa yake da ɗaci. Jinkirin da ya jawo kowa ya gan shi, likita ma ta auna shi. Wutar da ya hana kuwa ba ta tashi ba, balle a nuna tokarta. Ya sunkuyar da kai, yana rufe ƙunar hannunsa da hannun riga, bai kare kansa ba, don bai saba ba.

Ba-Jira ne ya yi magana. Ya ɗaga hannunsa da fetur ya busar ya yi fari fat, ya ce wa matarsa, "Daina kallonsa haka. Ni na riƙe tiyon. Hannun nan ya san abin da ya riƙe. Da na bi son raina, da ba mu makara ba, da ba mu zo ba gaba ɗaya." Ya juya ga yayansa ya ce, "Yaya, mu ga hannun."

"Bar shi. Je ka ga jikarka."

A wannan watan Mai-Tiyo yake ajiye sifana ya bar aiki. Idon ya ƙi, 'ya'yansa sun matsa, ya yarda. Amma masu wucewa da sassafe suna ganin wani abu. Tsohuwa na tsaye a ƙofar garejin, murfin injinta a ɗage, Ba-Jira a durƙushe yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, fasinja na ƙorafi, shi ko a jikinsa. Tsohon na zaune a kan benci da jaririya a cinya, yana cewa, "Na ƙasan fa? Ban ji ka ja na ƙasan ba." Uwar Auta ta dawo da tsokanarta, ta ce yarinyar da hancin kakanta ta zo, Allah ya sa kada ta hana su tafiya.

Mai-Tiyo, yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi kunnenka na ji. Kai ne ka san cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka kuma tsaya a kai ranar da naka suka fi kowa matsa maka. Mutane da yawa suna yawo a gari da 'ya'yansu, ba su san cewa yatsunka biyu ne suka tsaya tsakaninsu da wuta ba, kai ma ba ka san adadinsu ba. A madadinsu muna cewa mun gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya idonka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu tasowa, ko bakanike ne kai, ko tela, ko mai allura, ku ji da kyau. Sheƙin sabon abu ba shaida ba ne. Kada kunyar mai gaggawa ta sa ku miƙa makulli alhali zuciyarku ba ta kwanta ba. Za a zage ku, ku shanye. In kun ɗaure, ku ja ku gani.